Kwalaben Da Suka Sha Rana a Bolori

Bolori, Maiduguri.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a mota ka buɗe ta, ko sai ka sauka Legas. Allah ya kiyaye hanya, ya raba ka da direba mai gyangyaɗi da abokin zama marar amana, ya kai ku sansanin da aka tanadar muku lafiya.

Na san za ka yi mamakin wasiƙa daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. To ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina gare ka, tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na dube ka ido cikin ido na yi doguwar magana ba. Haka na taso na gani a Ɗambatta, haka na zo da shi garin nan. Dangin mahaifiyarka suna kiran ka Babagana, suna yi mini dariya wai ina gudun ɗana kamar surukina. Su yi ta yi. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Shekaranjiya da la'asar mahaifiyarka tana ninke maka kaya, ta ji wani abu a cikin safa. Ƙwayoyi ne ƙanana, ruwan hoda, a ƙulle a leda, babu kwali babu suna. Ta kawo mini ta ce, "Kai ne malamin asibiti, mene ne wannan?" Na juya su, na shinshina, na kai su haske. Ban sani ba. Na ɗauki guda na kai wa wani mai kemis a Gamboru da muka daɗe tare, ya fasa, ya lasa, ya ce ko dai maganin ƙarin jini ne, ko kuma ba shi ba ne. Na ce masa na gode da wannan ilimi.

Ban tambaye ka ba, amma na san kocinku Garba ne ya ba ka, don na yi aiki da shi, na san irin ƙullin ledarsa. Na kuma ji an ce a sansanin nan za a auna fitsarinku kafin a zaɓi waɗanda za su fita waje. Ga ƙwaya a safa, ga awo a gaba, ga sunanka a tsakiya. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Kuma in gaya maka gaskiya tun yanzu, ba ni da amsa a dunƙule. Abin da nake da shi kurakuraina ne, sai in jera maka su ka duba.

Na zo garin nan ina saurayi, aikin allura da ɗaurin ciwo ya kawo ni. Daga baya aka aro ni zuwa wurin 'yan wasa, na zama mai jakar magani, wanda ke rugawa cikin fili in wani ya faɗi. A zamanin ba mu taɓa jin an auna fitsarin ɗan wasa ba. Awon fitsari na mai ciwon sukari ne da mace mai ciki. Wata shekara, gab da wata babbar gasa, wani babba a ofishinmu ya dawo daga kwas a ƙasar waje da kwali cike da 'yan kwalaben allura. Rubutun jikinsu ba Turanci ba ne, ba Larabci ba, wasu haruffa ne kamar an juya musu baya. Ya ce bitamin ne, can kowane ɗan wasa shi ake yi wa, in riƙa yi wa masu ɗaga ƙarfe da masu jifa. Na ce to, ranka ya daɗe. Na dafa sirinjina, na jera samari, na yi ta tsira musu. Har wani daɗi nake ji, wai ni ne nake aiki da maganin Turai.

Samari suka murje, wuya ya yi kauri. Ƙuraje suka feso wa wasunsu a baya, na ce zafin garin nan namu Yerwa ne, na ba su hoda. Ɗaya a cikinsu, yaro mai sanyin hali wanda ko tsawa ba ya iya yi, ya kwaɗa wa alƙalin wasa mari a gaban jama'a, muka ce asiri aka yi masa. Sai bayan shekaru, da aka fara koya mana cewa akwai abubuwan da aka hana, na zauna ina haɗa wannan da wancan. Amma ko yau ba zan dafa Alƙur'ani in ce ga abin da ke cikin kwalaben nan ba. Wataƙila bitamin ɗin ne da gaske, naman da ake ba su a sansani ne ya karɓe su. Kwalin ya ƙare, babban ya rasu, ni kuma ban ajiye ko kwalba ɗaya ba.

Laifina a nan rashin tambaya ne. Saboda haka duk abin da za a sa maka a baki ko a jijiya, ka tambayi sunansa, ka ce a nuna maka kwalinsa. Ka yi da ladabi, ka rusuna in babba ne, amma ka tambaya. In mai ba ka ya yi fushi, to ka ji amsa. In kuwa ya yi murmushi ya faɗa maka wani dogon suna da ba za ka iya maimaitawa ba, to a nan ni ma ban san abin da zan ce maka ba. Na dai fi son ka zama wanda ya tambaya aka yi masa ƙarya, da ka zama irin samarina da suka sassauta mazagi suka juya mini baya ba ko uffan.

Kuskure na biyu ya faru kana sakandare, ba ka ma fara gudu ba. Ka sha jin gutsi-gutsinsa a gidan nan, yau ka ji shi a jere.

An kawo gasar guje-guje garin nan, kuma karon farko aka ce za a yi awo. Wani jami'i ya zo daga Legas da kwalabe a jaka. Mutum ne mai ƙoƙari, ba zan zalunce shi ba, gumi kawai yake sharcewa yana tambaya ko kullum haka garin yake. Ya tara mu ya ce duk wanda ya zo kan gaba za a kai shi bayi, kuma dole wani ya tsaya a kansa ya ga fitsarin yana fitowa daga jikinsa, da idonsa. Muka dubi juna. Sai sakatarenmu ya ce, "Ai ga Malam Haladu, shi ya saba da tsiraicin mutane." Aka kwashe da dariya, aiki ya faɗo kaina.

Abba, yin allura daban, tsayawa a kan baligi yana fitsari daban. Mu da aka koya mana ko a daji ka hango mutum ya tsuguna sai ka sake hanya.

Wanda aka fara kawo mini Bukar ne, ɗan Ba Modu na Gamboru. Ba Modu shi ne ya ba ni ɗaki a zaurensa sa'ad da na sauka garin nan ban san kowa ba, ko wushe, gaisuwar Barebari, ban iya cewa ba. Shi ya shige mini gaba wajen neman auren mahaifiyarka. Bukar kuwa a kafaɗata ya girma. Muka shiga bayin, ya riƙe kwalba, ya dube ni.

Ya ce, "Baba Haladu, yanzu kallona za ka yi?"

Na ce, "Haka aka ce."

Ya ce, "To wallahi ba zai fito ba. Ka je ka gaya wa mutumin, ko zai kwana nan."

Muka tsaya. Ya tsuguna, ya miƙe, ya sake tsugunawa. Ni kaina zufa ta jiƙa mini riga. Da abin ya ishe ni sai na juya na fuskanci ƙofa, na ce ya yi sauri. Na ji ƙarar ruwa a kwalba. Iyakar abin da na sani ke nan, na ji ƙara. Akwai buta a gefe, akwai aljihu a wandonsa, akwai taga a bayansa. Ya miƙo mini kwalba da ɗuminta, amma a garin nan ruwan buta ma da ɗuminsa.

Ashe ƙofar ba ta rufu sosai ba, mutumin Legas ya hango ni na ba da baya. Ya yi mini tatas a gaban yara, da Turanci, har da nuna ni da yatsa. Na ce to a sake wa Bukar mana. Ya ce da wace kwalbar? Daidai-wa-daida aka ba shi, babu rara ko ɗaya. Aka bar ta Bukar a haka.

Na gaba shi ne Yakubu, ɗan wani malamin coci daga wajen Biu, shi ya zo na ɗaya a dogon gudu. Na shiga da shi da haushin faɗan da aka yi mini, na tsaya a kansa kamar ɗan sanda.

Ya ce, "Malam, in ɗaga rigar ma?"

Na ce, "Ɗaga."

Ya ɗaga har ƙirji, ya yi abinsa yana kallon rufi. Wannan kam na gani, zan iya shaida a ko'ina.

Ka riƙe wannan. In an kai ka bayi aka haɗa ka da wani dattijo mai kunya irina, ka ce masa, Baba, don Allah ka duba. Ko ya yi sa'an kakanka. Na ɗauka alheri na yi wa Bukar. Sakamakonsa ya dawo babu komai, amma labarin juya bayana ya riga shi isa Gamboru. Har yau in ya wuce teburin mai shayi sai wani ya ce, "Ga wanda buta ta yi wa gudu." Da kansa ya bar wasan, ya koma shagon ubansa. Ƙila yaron nan tsaf yake, kuma zuciyata ta fi karkata can. Amma shaida ɗaya gare shi a duniya, ni, kuma ni ƙofa nake kallo.

Yanzu sai na uku, wanda ya fi ba mutane dariya in na ba da shi. Ni bai taɓa ba ni ba.

Mutumin Legas ya rufe kwalaben ya manne su, ya ce dole su zauna cikin sanyi har ya koma da su. Kular ƙanƙarar da aka ce an saya don wannan aiki, a rumfar manyan baƙi muka gan ta, cike da lemo, wa zai je ya ce a kwashe? Firijin ofis ya daɗe da mutuwa, fayiloli ake ajiyewa a ciki saboda gara. Kuɗin jirgin da zai koma da mutumin Legas kuma ba a sake su ba, wai mai sa hannu ya tafi ta'aziyya ƙauye. Na je asibiti, suka ce nasu firijin na allurar riga-kafi ne, ba a haɗa ta da komai, kuma da gaskiyarsu. Sai aka ce, Malam Haladu, ka san yadda za ka yi.

Ka san Hajiya Fanna ta bayan layinmu, mai zoɓo da ƙanƙara, wadda ke da firijin kananzir da ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Na naɗe kwalaben a tsohuwar jarida, na sa a kwali na kai mata. Ta ce mene ne? Na ce maganin ofis ne. Na san in na ce fitsari ne ba za ta karɓa ba. Abin sha take sayarwa, wannan kuwa najasa ce.

Aka kwana biyu lafiya. Ran nan ina dawowa bayan azahar sai na hango mata sun taru a ƙofarta. Jaridar ta jiƙe ta yage, ta ga launin abin, ta kira maƙwabciyarta da ta taɓa aikin shara a asibiti, ita kuwa kallo ɗaya ta yi ta faɗi sunansa. Ga kwalabena a jere a kan katanga, cikin ranar bazara, irin wadda ke narkar da silifa. Tun hantsi suke wurin.

Tana hango ni ta fara. "Malam Haladu! Fitsari? Fitsarin ƙarti a cikin zoɓona? Da shi tsofaffin unguwar nan ke buɗa baki ran Litinin da Alhamis!"

Na ce, "Hajiya, ai a rufe suke, an manne su."

Ta ce, "An manne su da me? Kai da kake jan mu salla in liman ya yi tafiya! Me ya sa ba ka kai randar gidanku ba?"

Sauran da Barbarci ta ƙarasa, mahaifiyarka har yau ta ƙi fassara mini. Ta tuttular da zoɓon ranar gaba ɗaya a kwata, ta wanke firijin har da toka. Ban ga laifinta ba a ranar, ban gani ba yau. Ni na yi mata ƙarya.

Na kwashe kwalaben, zafi rau kamar kofin shayi. Na naɗe su a jiƙaƙƙen buhu yadda muke yi wa tulu, na tura ƙarƙashin gado. Da kuɗin jirgi suka fito na kai wa mutumin Legas, kuma na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ɗora hannu biyu a ka, ya yi wata magana da yarensu. Can ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, kada ka sake faɗa wa kowa. Da ƙyar muka samu aka yarda a yi awon nan. In aka ji sun sha rana, baɗi ko sisi ba za a bayar ba, za a ce ɓarnar kuɗi ce. Daga nan kowa sai ya sha abin da ya ga dama."

To ka ji. Ina ƙaryarsa? Na daɗe ina nema ban samu ba.

Abin da zan ce maka a nan, kada ka sake wa abu suna don ka samu sauƙi a wurin mutane. Sannan in ka ba da fitsarinka kada ka ɗauke ido daga kwalbar sai an manne ta a gabanka, ka kuma tambaya inda za ta kwana. Za su ce kana da iyayi, bar su. Bayan haka kuma ba ka da abin yi. Kwalbarka ta shiga hannun mutane irina, masu kyakkyawar niyya, marasa ƙanƙara.

Ashe awon ma ba a ƙasar nan ake yin sa ba. Sai an tura waje, a biya da kuɗin waje, kowace kwalba da nata. Abin da aka saki bai isa duka ba, sai aka zaɓi wasu aka tura, sauran aka zubar. Wa ya zaɓa, da wane ma'auni, ban sani ba. An ce ƙuri'a aka yi. Na dai lura duk yaron da ubansa ke da kujera ƙuri'ar ba ta faɗa kansa ba, amma ƙila idona ne mai mugunta. Ta Bukar da ta Yakubu duk sun tafi.

Sai da damina ta wuce sakamako ya dawo. Na Yakubu aka ce an samu abu. Aka karɓe kyautarsa, aka dakatar da shi, aikin da aka yi masa alkawari a wata ma'aikata saboda gudunsa ya bi ruwa. Aka kira shi gaban kwamiti, ni ma ina zaune a ƙarshen benci. Aka ce ya faɗi abin da ya sha. Ya ce goro, da shayi mai kauri irin na 'yan Gamboru, da wani maganin tari da ya saya a kemis. Wani ya ce ya ji goro in ya yi yawa yana nunawa a awo. Wani ya ce in haka ne sai a dakatar da Barno gaba ɗaya, har da shugaban kwamiti. Aka yi dariya, shugaban ya goge bakinsa. Doguwar kalmar da ke jikin sakamakon kuwa, babu mutum ɗaya a ɗakin da ya san ma'anarta. Har da ni.

Yakubu ya ce ya ji ana raba fitsari biyu, a buɗe ɗaya kwalbar mana. Aka ce ana iya buɗewa, in zai biya da kansa. Shi kuwa ubansa daga baikon coci, abin da masu ibada ke bayarwa, yake karɓar albashinsa, rabi kuɗi rabi dawa.

A nan na ɗaga hannu. Na karya roƙon mutumin Legas, na ba da labarin katangar Hajiya Fanna. Shugaban ya dube ni ya ce, "Malam Haladu, wannan ba ya cikin abin da muka taru a kai." Ya ce wa sakatare kada ya rubuta. Sai na zauna. Kuskurena na huɗu ke nan. Na faɗi gaskiya, amma sau ɗaya na faɗe ta, da ƙaramar murya, kamar mai fatan a hana shi. In kana da gaskiyar da za ta ceci wani, ka faɗe ta a tsaye, in an ce ka zauna ka maimaita. Ko da yake, ban san ko tawa za ta cece shi ba. Bayan nan na tambayi likitoci biyu, kowa shi kaɗai. Na farko ya ce rana ba ta ƙara komai a fitsari, sai dai ta lalata abin da ke ciki, saboda haka in an samu abu to da ma akwai shi. Na biyu ya ce fitsarin da ya sha zafi yana tsami, yana iya sakewa ya nuna abin da babu. Dukansu sun yi karatu a waje, dukansu sun yi maganar ba tare da inda-inda ba. Na fito na fi yadda na shiga ruɗewa.

Ba a daɗe ba aka ce asibiti na bukatar ni, aka mayar da ni ɗakin wankin ciwo, inda nake har yau. Ba a ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Shekara ta zagayo ba a yi awo ba, wai babu kuɗi. Ta gaba ma haka. Ka ga an rufe maganar rana don a ceci awo, awon kuma ya mutu duk da haka. Wani lokaci ina cikin naɗa bandeji sai in ji kamar in tattara in koma Ɗambatta. To in je wurin wa? Waɗanda suka san ni sun ƙare, gonar an raba, ku kuma in na ce gida sai ku ɗauka Bolori nake nufi.

Yakubu yanzu yana Khaddamari, yana koyarwa a firamare, yana ɗan noman albasa. Bara na haɗu da shi a kasuwar can. Ni na so in kauce, shi ya kira ni. Ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida, ya cika mini leda da albasa ya hana ni sa hannu a aljihu.

Ya ce, "Malam, har yanzu kana ɗauke da kwalaben nan a ka? Na gani a fuskarka."

Na ce, "Ina zan sauke su?"

Sai ya ce akwai abin da bai faɗa wa kwamiti ba, don a lokacin bai ɗauke shi komai ba. Ana saura 'yan makonni gasar zazzaɓi ya kama shi, mataimakin koci ya yi masa wata allura, ya ce ta zazzaɓi ce. Ya warke, kuma bayan nan ya riƙa gudu irin wanda bai taɓa yi ba, ko haki ba ya ji. Mataimakin kocin kuwa Garba ne.

Kada ka yi saurin yanke hukunci, don ni ban iya ba. Allurar zazzaɓi gaskiya ce, ni ma ina yin ta kullum, kuma wanda ya tashi daga ciwo ya huta yakan ji ƙarfi. Garban nan shi ne yake zuwa da mashin ɗinsa ya ɗauke ka tun da asuba, shi ya saya maka takalmin gudu na farko lokacin da ni na ce wasa ba sana'a ba ce. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ƙila shi ma wani babba ne ya miƙo masa ya ce bitamin ne, ya ce to ranka ya daɗe.

Na tambayi Yakubu, to kai me ka gani? Ya yi 'yar dariya ya ce, "Malam, dakatarwar ta daina yi mini ciwo tuntuni. Yarana a makaranta sukan ce, Malam, da gaske ka taɓa zuwa na ɗaya? Ni kaina ban sani ba ko na ci gasar nan ko ban ci ba."

Na hau mota na dawo da albasata.

To Abba, ga inda na tsaya. In ka sha ƙwayoyin nan, da wuya a kama ka, don ƙila kuɗin awon ba za su fito ba, ko su fito ƙuri'a ta tsallake ka. In ba ka sha ba, ƙila na kusa da kai ya sha ya wuce ka, a dawo mana da kai a motar kasuwa. Ƙila kuma ba ka sha ba, kwalbarka ta kwana a kan katangar wani, a ce ka sha. Ƙila ma maganin ƙarin jinin ne kawai, tsohonka ya ɓata takarda a banza. Na auna ta kowace fuska, ban samu hanyar da zan ce maka bi nan ba abin da zai same ka ba.

Mahaifiyarka ta ce in jefa su a masai mu huta. Na je har bakin masan da su a hannu. Sai na tuna Garba yana da wasu, Legas kuma ta fi Garba. In na zubar, safarka kawai na tsarkake. Na mayar da su inda suke, ban da gudan da mai kemis ya lasa. Ba ta yi mini magana ba tun jiya.

Roƙona dai kada ka haɗiye su. Ban ce ka tona Garba ba, ban ce ka rufa masa ba, wannan ya fi ƙarfin kaina. Kuma ba tsoron awo nake ba ka ba, na nuna maka abin da awon yake. Ina so ne duk abin da aka rubuto daga wajen, mai kyau ko marar kyau, a samu mutum ɗaya da ya san gaskiyar jikinka, kai. In an cire ka don wani ya fi ka gudu, ka dawo, tuwonka na nan. In an ce an samu abu ka dube ni ka ce, Baba, ban sha ba, zan yarda da kai, zan bi ka kowane ofis, ko za a kore ni daga ɗakin bandejin ma. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ka dawo da kyauta a wuya, in tambaye ka, ka ce mini kai ma ba ka sani ba.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare abin da zai shiga cikinka, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba mu da kowa. Ka riƙe salla ko da a gefen fili ne. Ka sha ruwa da yawa, amma wanda ka buɗe da hannunka. Mahaifiyarka da ƙannenka suna yi maka addu'a. Allah ya dawo mana da kai lafiya, amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haladu.